Kan Sarkin Da Ba Shi Da Sarki

 Bahaushe ya iya raɗa wa baƙon abu suna. Da Turawa suka kawo 'yar takardar nan da ake liƙawa a jikin ambulan, ya duba ya ga kan mai mulkin Ingila a kanta, sai ya ce da ita kan sarki, sunan kuwa ya bi ta har yau, ko da hoton gyaɗa ne a jiki ko na madatsar ruwa. Sunan ya dace da asalin abin, domin na farkon da aka buga a Ingila a 1840 kan Sarauniya Biktoriya ke kansa, kuma kanta ne a kan waɗanda aka fara bugawa da sunan Nijeriya ta Arewa a 1900. To, yau ina so mu leƙa wata ƙasa wadda ta yi shekaru tana sayar da kan sarki alhali ba ta da sarki, da ta sami sarkin ma sai da ya shekara shida bisa gado kafin kansa ya hau takardar. Ƙasar ita ce Iraƙi. Wanda ya iya karanta tsohon ambulan na Bagadaza zai ga yaƙi biyu a jikinsa, ya ga wanda ke riƙe da gari, ya kuma ga abin da rabon ƙasa ya jawo wa mai aika wasiƙa.

Kafin mu isa Bagadaza tilas mu biya ta Ban, babban birnin Suwizalan. A da, wanda zai aika wasiƙa wata ƙasa sai an zauna an yi masa lissafi, ƙasa kaza za ta ratsa, kowace da kuɗinta da ma'auninta, wani lokaci ma wanda aka aika wa sai ya cika sauran kafin a miƙa masa. A ran 9 ga Oktoba 1874 ƙasashe 22 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Ban, wadda ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Suka amince a ɗauki ƙasashensu duka tamkar ƙasa guda wajen wasiƙa. Kuɗi ɗaya ne, santim 25 na Faransa ga wasiƙar da ba ta wuce giram 15 ba, daga baya aka ɗaga nauyin zuwa giram 20. Ƙasar da aka jefa wasiƙa a cikinta ita ke riƙe kuɗin, kuma ba ƙasar da za ta hana jakar wata ratsawa. Har launi aka daidaita: kore na jaridu da bugaggun takardu, ja na kati, shuɗi na wasiƙar ƙasar waje, don ma'aikacin da bai iya harshen wata ƙasa ba ya gane da ido ko an biya daidai. Santim 25 ɗin nan shi ne kwabo biyu da ɗari a Ingila, shi ya sa shuɗin kan sarkin Nijeriya na 1914 kwabo biyu da ɗari ne. A Indiya anna biyu da rabi ne, a Daular Turkawa kuwa ƙurshi ɗaya.

Daular Turkawan nan, watau Usmaniyya ta Santambul, ba tamu ta Sakkwato ba, tana cikin waɗanda suka sa hannu tun ran farko, kuma a lokacin Bagadaza da Basra da Mosul da Dimashƙa da Ƙudus duk lardunanta ne. Sai dai ta yi rauni, har manyan ƙasashen Turai suna da gidajen wayarsu na kansu a cikin biranenta. Gwamnatin Ingilishi ta Indiya ta buɗe nata a Basra da Bagadaza tun 1868, tana sayar da kan sarkin Indiya a ƙasar Sarkin Musulmin Santambul. Turkawa sun daɗe suna jin zafin wannan, saboda haka da yaƙi ya ɓarke a Turai a 1914, tun kafin su shige shi, suka rufe gidajen wayan baƙi duka.

Rufewar ba ta yi ƙarko ba. A Nuwamban wannan shekara rundunar Ingilishi, wadda akasarinta Indiyawa ne, ta kama Basra. Ta sha kashi a Kut a 1916, ta sake shiri, Janar Maude ya shiga Bagadaza ran 11 ga Maris 1917. Soja yana iya cin gari da bindiga, amma kashegari ɗan kasuwa zai zo gidan waya da takardarsa a hannu, dole a sayar masa da wani abu ya liƙa. Abin da aka tarar na kan sarkin Turkawa a Bagadaza shi aka kwaso, aka buga masa rubutun Turanci mai cewa Bagadaza tana hannun Ingilishi, aka sa masa sabon farashi da kuɗin Indiya. Ba shi da yawa, nan da nan ya ƙare, shi ya sa a yau masu tara tsofaffin kan sarki suke sayensa da tsada.

Abin da aka yi a 1918 ya fi wannan ban mamaki. Kyawawan kan sarkin da Turkawa suka fitar a 1914, masu hotunan masallatai da gine-ginen Santambul, ashe a Ingila aka buga musu, a kamfanin Bradbury Wilkinson. Sai hukumar soja ta sa kamfanin ya fito da su, aka danna musu rubutun cewa Iraƙi tana hannun Ingilishi, aka fara sayarwa ran 1 ga Satumba 1918, yaƙi bai ma ƙare ba. Ka duba takarda guda: hoto na Turkawa, rubutu na Ingilishi, kuɗi na Indiya, mai saye Balarabe. Kowa yana da hannu a jikinta, in ban da mai ƙasa.

Amma ga inda nake so mai karatu ya ɗan dakata. Da aka zo sa sabon farashi ba a yi shi da ka ba. Koren mai fara goma aka mai da shi rabin anna. Jan mai fara ashirin aka mai da shi anna ɗaya. Shuɗin mai ƙurshi ɗaya aka mai da shi anna biyu da rabi, watau santim 25 ɗin nan dai na Ban. Ana tsakiyar kashe juna, ana kwance daular da ta yi ƙarni shida, amma akawun da ya zauna ya tsara wannan bai yarda shuɗi ya tashi daga matsayinsa ba, don ya san wasiƙar za ta faɗa hannun wani ma'aikaci a Holan ko Amurka wanda bai san ƙurshi ba, bai san anna ba, launi kawai ya sani. A ganina yarjejeniyoyi kaɗan ne na ƙasa da ƙasa suka fito daga wancan yaƙi da mutuncinsu kamar ta gidan waya.

Inda abin ya taɓa talaka shi ne iyaka. Kafin yaƙi, wasiƙar da ta tashi daga Bagadaza zuwa Dimashƙa wasiƙar cikin gida ce. Da Ingila da Faransa suka raba gadon Turkawa, bisa shirin da suka ƙulla a asirce tun 1916 aka kuma tabbatar a taron San Remo a 1920, sai Iraƙi da Falasɗinu suka faɗa hannun Ingila, Sham da Lubnan hannun Faransa. Ɗan'uwanka na Dimashƙa ya zama mutumin ƙasar waje, wasiƙarsa ta koma ta shuɗin kan sarki. Kuɗin ma ya rabu uku: rupi a Iraƙi, fam ɗin Sham da aka ɗaure da faran na Faransa, fam ɗin Masar a Falasɗinu har 1927. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, tun da waɗannan ƙasashe biyu ne suka sa takardar Bakatsine zuwa Maraɗi ta zama ta ƙasar waje, ta Legas mai nisan ninki goma kuwa ta zama ta gida.

Sarkin da aka kawo wa Iraƙi shi kansa wannan rabo ne ya koro shi. Faisal ɗan Sharif Husaini na Makka an naɗa shi sarki a Dimashƙa a Maris 1920, Faransawa suka fatattake shi a Yuli bayan yaƙin Maisalun. A wannan shekara mutanen Iraƙi suka yi wa Ingilishi bore mai tsanani, aka ga mulkin kai tsaye ya yi tsada, sai aka ɗora Faisal bisa gadon Bagadaza ran 23 ga Agusta 1921. Duk da haka tsohon kan sarkin Turkawa mai tambarin mamaya aka ci gaba da sayarwa har 1923, lokacin da aka fitar da na ƙasar na farko. Shi ma ba fuskar kowa a jiki, sai masallacin Ahlussunna na A'azamiyya, da na 'yan Shi'a na Kazimiyya, da bakan ginin Kisra, da kwale-kwalen kogin Dijla masu kamar kwando. Wanda ya zaɓi hotunan ya san ƙasar da yake lallashi. Kan Faisal bai fito ba sai 1927, a kan na rupi ɗaya.

Yanzu sai hanya. Bagadaza tana kusa da Bahar Rum a taswira, amma hamadar Sham ta raba su. A ƙarni na 19 akwai masu raƙuma da ke ratsa ta da jakar wasiƙu, aikin ya mutu. Saboda haka bayan yaƙi wasiƙar Landan sai ta ba Landan baya tukuna: ta gangara Basra, ta shiga jirgin ruwa zuwa Indiya, daga Bambai ta juyo ta Bahar Maliya da mashigin Suwes. Sama da mako uku ke nan in an yi sa'a. A 1921 sojan saman Ingila suka buɗe hanya tsakanin Alƙahira da Bagadaza, kuma da yake ba alamar da matuƙi zai bi a rairayi, sai aka ja garma aka yi kunya guda doguwa a hamadar, jirgi na sama yana bin ta. Sau ɗaya a mako biyu suke tashi. Mai aikawa daga Ingila sai ya ƙara sule guda a kan kowace oza, bayan kuɗin kan sarki. Kafin shekarar ta fita aka mai da shi sisi.

Waɗanda suka karya wannan farashi wasu 'yan'uwa biyu ne mutanen Niyuzilan, Norman da Gerald Nairn. Yaƙi ne ya kawo su Gabas ta Tsakiya, da aka sallame su suka zauna a Bairut suna sana'ar mota, suna jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Bairut da Haifa. Hanyar hamada kuwa ba su suka gano ta ba, ko da yake sunansu ne ya yi tashe. Wani attajiri Balarabe, Alhaji Muhammad ibn Bassam, ya riga ya san ta, don ta nan yake bi da dukiyarsa tsakanin Dimashƙa da Bagadaza, kuma yana da fahimta da shugabannin ƙabilun da ke kiwo a wurin. A Afrilun 1923 aka gwada da motoci uku, aka yi mil wajen 550 cikin kwana uku. Ba kwalta, ba gada, tsandauri ne kawai mai tauri wanda mota ke iya gudu a kansa in ba ruwan sama. Gwamnatin Iraƙi ta ba 'yan'uwan kwangilar shekara biyar, da sharaɗin su kai jaka tsakanin Bagadaza da Haifa cikin awa 60, in sun makara a ci su tara. Daga Haifa jirgin ƙasa ya kai ta bakin Suwes, jirgin ruwa ya tsallaka da ita Turai. Wasiƙar Landan ta koma kwana goma ko ƙasa da haka, kuma kowane mako.

A nan ne lissafin kuɗi ya yi daɗi. Dokar Ban ta ce kuɗi ɗaya, amma ta bar ƙofa: in an bi da wasiƙa ta wata hanya ta musamman mai cin kuɗi na dabam, ana iya ɗora ƙari. Kuɗin wasiƙar waje a Iraƙi lokacin ya riga ya hau zuwa anna uku, don bayan yaƙi ko'ina an yi ƙari. Sai gidan waya ya ce wanda ke son tasa ta bi mota ya ƙara wata anna uku, ya kuma rubuta a goshin ambulan cewa ta hanyar ƙasa ta Bagadaza da Haifa za ta bi. Har 'yan takardu jajaye aka buga na liƙawa don wannan. A Ingila ƙarin taro ne a kan kowace oza, kuma a 1923 ɗin nan kuɗin jirgin sama ya sauko daga sisi ya dawo taro shi ma. Mota ta sa jirgin sama ya rage kuɗi.

Ninki biyu ke nan mutumin Bagadaza yake biya, to, an cuce shi? Ni dai ban ga cuta ba, tun da ba a tilasta wa kowa ba. Wanda ba ya sauri ya liƙa anna uku tasa ta bi ruwa, attajirin da ke jiran takardar banki ya liƙa shida ya sayi mako biyu. Abin lura shi ne inda ƙarin yake tafiya. Ban da mai da taya da albashin direba, akwai kason da kamfanin ke ba Ibn Bassam don ƙabilu su bar motoci su wuce lafiya. Duk wanda kakansa ya yi fatauci zuwa Gwanja ya san wannan, madugu ba ya ratsa ƙasar wani sai ya biya fito. Yarjejeniyar Ban ta ce a bar jaka ta wuce, amma ba da makiyayan hamadar Sham aka yi zaman Ban ba, kuma Faransa da Ingila duk da bindigoginsu ba su da ikon da za su ba da tabbaci a tsakiyar dajin nan. Da hanya ta kafu, wasiƙu suka yi yawa, aka rage ƙarin, daga baya aka soke shi.

An ga gaskiyar haka a 1925, sa'ad da Durus na ƙasar Sham suka tayar wa Faransawa a ƙarƙashin Sultan al-Atrash, har Faransa ta yi wa Dimashƙa ruwan wuta a Oktoba. Aka riƙa tare motoci, sai kamfanin ya karkata ta Ƙudus da Amman, ta cikin baƙaƙen duwatsu masu cin taya, har ƙura ta lafa. A wannan tsakani aka gina ganuwa a rijiyoyin Rutba, tsakiyar hanya, ta zama zangon motoci da na jiragen sama. A 1932 Iraƙi ta bar rupi ta kama dinari, aka sake danna sabon farashi a kan fuskar Faisal, mai anna uku ya zama filsi 15, mai rupi ɗaya ya zama filsi 75. A Oktoban shekarar aka ce riƙon Ingila ya ƙare. Zuwa 1937 kamfanin Nairn yana da dogayen motoci masu na'urar sanyi waɗanda ke ratsa hamadar cikin ƙasa da kwana guda.

Yaƙin Hitila ya zo ya kwance duka. A Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi, Bahar Rum ya rufe wa Ingila, Faransa ta faɗi, Sham da Lubnan suka bi gwamnatin Bishi mai yi wa Jamus biyayya. Dimashƙa da Haifa, zango biyu na hanya guda, suka koma ɓangarori biyu na yaƙi. Wasiƙar Bagadaza zuwa Landan ta koma zagaye ta ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiyar da ta fi ta kafin 1923 tsawo, kuma sai mai tace wasiƙu ya farke ta ya karanta ya liƙe. Abin dariya, a Yulin wannan shekara aka gama haɗa dogon da ya tashi daga Santambul zuwa Bagadaza, wanda Jamusawa suka fara tun kafin yaƙin farko. A nan ne kuma labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, domin da Gwamna Félix Éboué ya kai Cadi ɓangaren Janar de Gaulle a Agustan 1940, sai aka sami hanyar sama daga Takoradi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, El Fasher da Hartum har Alƙahira. Jiragen yaƙi aka fi kai wa ta nan, amma jakunkunan wasiƙun Gabas ta Tsakiya su ma sun sauka a filin Kano.

A 1941 wutar ta kama hanyar kanta. Ran 1 ga Afrilu Rashid Ali al-Gailani da wasu hafsoshi suka yi juyin mulki a Bagadaza, mai riƙon sarauta Abdul Ilah ya gudu, sarki Faisal na Biyu kuwa yaro ne bai cika shekara shida ba. Cikin Mayu aka gwabza da Ingila, ganuwar Rutba inda fasinjoji ke cin abincin dare ta zama fagen fama, rundunar da ta taso daga Falasɗinu ta bi sawun motocin wasiƙu ta nufi Bagadaza. Ƙarshen wata Rashid Ali ya tsere. Ran 8 ga Yuni aka shiga Sham, Dimashƙa ta faɗi ran 21, aka sa hannu a yarjejeniyar tsai da wuta ran 14 ga Yuli. Cikin wata huɗu hukuma ta sauya a duka bakin hamadar biyu, hanya ta sake buɗewa a hannun ɓangare guda.

Sunan Haifa ya fita daga ambulan ɗin Bagadaza a 1948, da aka kafa Isra'ila aka rufe wannan iyaka. Motocin suka ci gaba tsakanin Bairut da Dimashƙa da Bagadaza, jirgin sama yana ta janye musu wasiƙu da fasinja. Ran 14 ga Yuli 1958 soja suka kashe Faisal na Biyu suka kafa jamhuriya. Gidan waya yana da tarin kan sarki mai fuskar yaron, ba a kuwa zubar ba, sai aka danna masa rubutun Larabci mai cewa Jamhuriyar Iraƙi, aka ci gaba da sayarwa a kan kanta. Kamfanin Nairn ya rufe a 1959.